Wanda Ya Goyo Inna Daga Garka

Akwai wata magana da na sha ji a bakin ƴaƴan dangi, har ranar sunan ɗiyar Hadiza na ji wata yarinya tana maimaita ta a bayan ɗaki. Wai kakarku Inna ta taɓa musun ɗanta a gaban Nasara, shi ya sa Kawu Lawali ya kwashe shanunsa ya bar gidanmu na Waca ya koma Bande. Ban tanka ba a ranar, don gidan biki ne. Amma tunda Allah ya ja kwanana har na zauna ina rubuta muku abin da na gani, wannan babin na Inna ne da Yaya Lawali, kuma a kan idona aka yi kusan komai. Ina budurwa a lokacin, ina kolej a Damagaram, Faransawa ba su tafi ba tukuna, kuma ban taɓa jin tsoro irin na shekarar nan ba. Yanzu ma da na zo kan maganar, sai da na ajiye alƙalami na sha ruwa.

Ku na yanzu kuna kiran ɗan farinku da sunansa, kuna ɗora shi a cinya a gaban mutane. Ban ce laifi ne ba, amma a zamaninmu ba haka abin yake ba. Yaya Lawali shi ne ɗan farin Inna. Ana yaye shi Goggo Hajara, yayar Babanmu, ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. In ta dama fura sai ta miƙo mini ƙwaryar ta ce in kai wa na wajen Goggo. In ya shigo ta zaure ita ta faɗa ɗaki, in ta fito tsakar gida shi ya tuna da wani aiki a garke. Bayan rasuwar Baba ya dawo ya riƙe gona da shanu, suna kwana gida ɗaya, amma ko gaisuwa sai ta bakin wani. Duk da haka Inna ta san ranar da bai ci tuwo ba, ta san tarinsa a cikin tarin maza goma, kuma in ya yi nisa da shanu ba ta iya zama wuri ɗaya, sai ta yi ta share tsakar gidan da aka riga aka share.

A kakar shekarar nan shanunmu suka shiga gonar waken wani maƙwabci, Tanko. Aka yi cacar baki a dandali, Tanko ya zagi Baba da ke kabari, Yaya ya nuna shi da sanda ya ce zai gani. Mutane da yawa sun ji. Ba a daɗe ba ranar kasuwar Guci ta zo, gari ya watse, kowa ya tafi sayar da gujiya da wake. Da azahar wuta ta kama rumbunan Tanko, ta ci su, ta tsallaka bukkar tsohuwarsa, matar ta fito da ƙuna a hannu. Jandarmomi suka zo daga Magarya. Ba a ga Yaya a kasuwa ba, shanun kuma ranar suna hannun Kawu, ƙanen Baba. Suka tambayi Yaya ina yake da azahar, ya ce yana daji. Yana me, da wa? Ya ƙi faɗa. Suka shiga gida wurin Inna, wadda ke kwance da karaya a ƙafa, suka tambaye ta ko wannan ɗanta ne, ko ta gan shi ranar. Ga shi tsaye a bakin ƙofa da igiya a hannu. Inna ta ja zane ta rufe kai ta juya fuskarta bango. Jandarma ya rubuta abin da ya gani: uwarsa ma ta ƙi tsaya masa.

Ni ban san komai ba sai da na zo hutu. Na sauka daga kamyo, babbar motar kaya, da ƴar akwatina, na tarar da gida kamar an yi mutuwa, Yaya yana gidan kaso a Magarya. Na zauna gefen Inna ina kuka ina tambayarta yadda aka yi ta karye. Ta ce santsi ne a bakin rijiyar garka, ta je ban ruwan albasa. Na ce garka da nisan nan, wa ya kawo ta gida? Ta ce Allah ne. Goggo Hajara tana waje tana tsinar wake, ta kira ni da hannu.

"Ke ƴar lakwal, duk karatun nan bai buɗe miki ido ba? Gari babu kowa, mace ta karye a garka, ta wayi kanta a kan tabarma da karan dawa ɗaure a ƙafa. Fuka-fuki ta yi?"

"Goggo, kina nufin Yaya ne?"

"Ni ban ce ba. Ni ma ina Guci. Amma ɗaurin da na kwance a ƙafar nan, ɗaurin da ake yi wa maraƙi ne, kuma na san hannun da na raina."

Sai a lokacin na gane. Ɗan fari ya ɗauki uwarsa a bayansa, jikinta a jikinsa, tun daga garka har ɗaki. A wurinsu wannan abu ne da ya fi tsirara a kasuwa. Ita ba za ta faɗa ba, shi kuma ya gwammace kaso da ya sa a yi maganar uwarsa a bakin maza.

Na je Magarya na gan shi. Aka fito da shi bakin katanga, an aske masa kai, ya rame. Ina fara maganar garka ya ɗaga mini hannu.

"Abu, wa ya gaya miki wannan?"

"Ba wanda ya gaya mini, Yaya. Ka faɗa musu kawai, su sake ka."

"In kika kai maganar nan ko'ina, ba ni ba ke. Ki koma karatunki. Ki ce wa Kawu ya kula da jar saniyar nan, ta kusa haihuwa."

Tafintan barikin ya ga ina kuka a gindin itacen bedi, ya tausaya, ya ce mini shari'ar ta fi ƙarfin Magarya. Tun bayan yaƙin duniya, in ji shi, laifi irin na sa wuta ba ya hannun sarki ko alƙalin gari, dokar Faransa ce ke yanke shi, kuma tunda wutar ta taɓa ɗakin da mutum ke kwana, Damagaram za a kai, gaban babban zama. Na tambaye shi me ake yi wa wanda aka kama da wannan laifi. Ya ce shekaru masu yawa na aikin wahala, a nesa.

A gida kowa da shawararsa. Kawu ya ce a kai sa ga sarki. Mata suka ce a ba malamai sadaka, aka ba su. Ni kuwa na tuna wata rana a aji da Madam ta gaya mana cewa a shari'ar Faransawa akwai mutumin da aikinsa ke nan, ya tsaya ya yi magana a madadin wanda ake tuhuma. Aboka suke ce masa, ku yanzu kun fi cewa lauya. Da na faɗa, Kawu ya yi dariya ya ce wane mahaukaci ne zai yi gardama da Nasara saboda ɗan wani? Goggo ce kaɗai ta ɗaura ɗankwali ta ce mu je mu ga mahaukacin.

Neman mutumin nan ya cinye mini rani guda. Muka sauka gidan wata ƙawar Goggo a unguwar Birni, cikin Damagaram. Ina fita daga makaranta da sunan ciwon kai, in je in tsaya a barandar gidan shari'a, in ga gardi da bulala in kasa buɗe baki, in koma. Faransancin da nake ci da shi na ɗaya a aji, in na zo gaban biro, wato ofishinsu, sai ya gudu ya bar ni. Wata rana wani mai rubuta wa mutane takardu a gindin itace ya ji abin da muke nema, ya gyara hula ya ce ai shi ne aboka, duk Damagaram ba wanda bai san shi ba. Goggo ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Kai ɗan nan, in kai ne mai gardama da Nasara, me ya sa da gardin can ya yi tari ka miƙe tsaye?"

Mutanen wurin suka fashe da dariya, muka wuce. A ƙarshe wani magatakardan kotu, dattijo mai furfura a gemu, ya gaji da ganina a baranda ya kira ni. Ya ce babu aboka ko ɗaya da ke zaune a Damagaram. Daga Yamai suke zuwa in lokacin babban zama ya yi, kuma wanda laifinsa ya kai na yayana, kotu da kanta take naɗa masa ɗaya. Amma yawanci, in ji shi, mutumin yakan iso a gajiye, ya karanta takardu, ya roƙi sassauci, ya koma. In ina da abin faɗa masa, in tare shi a gidan saukar baƙi kafin zama. A satin nan ne Madam shugabar makaranta ta kira ni ta ce in zaɓa, ko aji ko baranda. Ba muguwar mace ba ce, ta yi mini haƙuri da yawa. Na ce mata baranda. Haka na rasa jarrabawar shekarar, kuma shi ya sa na yi aikina duka ina ƙaramar malama, ban taɓa riƙe makaranta ba. Ban taɓa yin da-na-sani ba.

Aboka ya iso da bazara, ana zafin da ko ƙadangare ba ya fita. Na zaci Bature zan gani. Sai ga baƙin mutum dogo, mutumin Senegal, zaune a inuwa ya cire takalmi, yana fifita da takardun shari'a. Goggo ta dire masa ƙwaryar man shanu a gabansa. Ya tambaye ni da Faransanci mene ne wannan, na ce gaisuwa ce. Ya ce in gaya mata kotu ce ta sa shi, ba a biyansa da komai. Goggo ta ce in gaya masa ba biya ba ne, ta ga wuyansa ne duk ƙashi, mai gardama kuwa sai da ƙarfi. Ya yi dariya har da tari, ya karɓa. Daga nan ya daina dariya ya buɗe takardun. Ya ce abu uku ne a ciki: yayana ya yi barazana a gaban mutane, ya kasa faɗin inda yake, kuma uwar da ta haife shi ta juya masa baya. Na ukun nan, in ji shi, shi ne zai kashe mu, don alƙali zai ce uwa ta san abin da ɗanta ya yi.

Na tuna hannun Yaya da ya ɗaga mini a bakin katanga. Sannan na faɗa masa duka, garka da karaya da ɗaurin maraƙi, da yadda uwa take da ɗan farinta a wurinmu. Ya ce a ƙasarsu ma akwai abubuwan da tsohuwarsa za ta mutu ba ta faɗa ba, ya gane. Amma alƙali ba zai karɓi zato daga bakin ƙanwa da goggo waɗanda ba sa wurin ba. Sai ita ta zo da bakinta.

Muka koma Waca. Inna ta fara takawa da sanda a lokacin. Na durƙusa na gaya mata abin da na yi. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba ta iya ba.

"Kin ɗauki maganata kin kai wa namiji baƙo."

"Inna, za su kai shi inda ba za mu sake ganinsa ba."

"Abin da aka koya muku a lakwal ke nan."

Goggo ta matso ta zauna a bakin gadon, ta dafa ta. "Matarmu, ni na raine shi, amma ba ni na yi naƙudarsa ba. Da bakina zai yi, da tuni na je na cika musu kunne. Naki suke so."

Inna ta tashi ta fita ta kama shara. Washegari da safe na fito na tarar da ita zaune a zaure, ta yi lulluɓi da baƙin zanenta na zuwa gaisuwa, ƙullin kayanta a gefe. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ƙafar nan tana damuna. An ce akwai likita a Damagaram."

Ɗakin shari'ar ba shi da girman da na zata, amma ya cika. Alƙali Bature a tsakiya da jar riga, wasu Turawa a gefensa, da dattawan ƙasa biyu da ake zaunar da su don su ji shari'a tare da shi. Mai gabatar da ƙara ya yi magana mai tsawo, Tanko ya yi tasa, ya nuna hannun tsohuwarsa, kuma gaskiya ƙunar ba ta da kyan gani. Ni ina kan benci, ina jin kowace kalma tun kafin tafinta ya juya ta, na rasa ko wannan gata ne ko azaba. Da aka zo kanmu, aboka ya tashi cikin baƙar rigarsa mai faɗin hannu, ya roƙi abu ɗaya: a bar shaidarsa ta zauna ta ba wanda ake tuhuma baya. Mai gabatar da ƙara ya ce ga shi nan, ko kallonsa ba ta son yi. Alƙali ya yarda. Aka shigo da Inna tana dogara sanda. Yaya bai san ta zo ba. Yana ganinta ya miƙe, gardi ya riƙe shi.

"A ɗaure ni! Na yarda a ɗaure ni, kada a tambaye ta komai!"

Aka zaunar da shi da ƙarfi. Aboka ya matso kusa da Inna, ya yi ƙasa da murya, tafinta yana bin sa. Ya tambaye ta ina take ranar kasuwar Guci, ta ce garka. Me ya same ta, ta ce ta faɗi ƙafa ta karye. Ta ga wutar? Ta ce suna kan tudun da ke tsakanin garka da gari suka hango hayaƙi yana tashi. Ya ce su wa, ita da wa? Ta ƙara jan lulluɓi. Ya ce da ƙafarta ta hau tudun? Ta ce a'a, goyo ta aka yi. Ya ce wa ya goyo ta? Shirun nan ya yi tsawo har na ji kukan wata kurciya a kan rufi. Ina kallon hannunta a kan sanda, jijiyoyin duk sun tashi. Sannan ta yi magana daga cikin lulluɓi, a hankali, amma kowa ya ji.

"Wanda ya goyo ni, shi ne wanda na fara goyawa."

Tafinta ya juya. Alƙali ya ce yana son suna, a rubuta. Aboka ya buɗe baki, amma ɗaya daga cikin dattawan nan biyu ya riga shi. Ya ce ranka ya daɗe, matar nan ta faɗi abin da bai taɓa jin wata uwa ta faɗa a gaban maza ba, kuma duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san wa take nufi, ɗa ɗaya ne mace take fara goyawa. In aka matsa mata ta kira suna, shi zai tashi ya fita. Alƙali ya dubi Yaya. Yaya ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa suna girgiza, ƙaton mutum mai kokawa da bijimi. Alƙali ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a rubuta yadda ta faɗa. Aka kira maɗorin Waca ya shaida ranar karayar, likita ya ce mai irin wannan karaya ba ta iya taku ko ɗaya. Aboka ya yi jawabinsa, ban riƙe komai a ciki ba, kunnuwana sun toshe. Kafin la'asar aka sallami Yaya. Wutar kuwa har yau ba wanda ya san tushenta, ko da yake daga baya an yi ta cewa yara ne masu gasa gujiya a bayan rumbu.

A kamyon komawa Inna tana gaba, Yaya yana can baya a kan buhuna, Goggo a tsakiya tana ba kowa labarin yadda man shanunta ya yi aiki. Aboka ban sake ganinsa ba, ko sunansa ban riƙe daidai ba, ina dai sa shi a addu'a. Inna ta yi damina guda ba ta aike ni ba, wannan ne fushinta. Yaya ya fi ta daɗewa. Sai da aka zo aurena ya aiko mini da ƴar jar saniyar nan da aka haifa yana kaso, ba tare da wani saƙo ba, na san ya huce.

Gaskiya ne ya koma Bande, amma ba fushi ya kai shi ba. Bayan abin da aka faɗa a gaban jama'a, su biyun ba su iya haɗuwa a tsakar gida ɗaya, kunyar ta ninka. Ya ga Inna ta koma zaman ɗaki kamar mai takaba don kada su yi karo, shi ne ya ba ta wuri. Duk ranar kasuwa ƙwaryar nono tana isowa daga Bande, ita kuma ta aika da dawo a ce na wajen Goggo ne, haka har ta rasu.

Kafin ya tashi ya yi wani abu ɗaya. Ya kira masu haƙa, ya tuɓe riga ya shiga ramin tare da su, suka haƙa rijiya a bayan ɗakin Inna, ya kewaye bakinta da itace don kada a yi santsi, ya dasa mata albasa a gefe. Bai ce don wa ya yi ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ba ta sake zuwa garka ba. Rijiyar da kuke ja in kun je Waca hutu, kuna cewa ruwanta ya fi na famfo daɗi, ita ce. In kun sake jin wani ya ce Inna ta yi musun ɗanta, ku kai shi bayan ɗakin ku ba shi guga.